Sararin Samaniya a Watan Disamba: Abin da Ido Zai Gani Daga Magariba Zuwa Asuba

 

An nemi in yi bayani a kan abin da mutum zai iya gani a sama cikin wata guda, ni kuwa na zaɓi Disamba. Damina ta wuce, gajimare ya janye, dare ya yi tsawo, kuma taurarin da suka fi kowanne haske a shekara a wannan lokaci suke fitowa tun da wuri, kafin yara su yi barci. Magana ɗaya na zo da ita: sama agogo ce kuma kalanda ce da kakanninmu suka iya karantawa, kuma wata guda na lura ya isa mutum ya fara karanta ta da idonsa, ba tare da ya sayi komai ba.

Allah ya ajiye mu a wuri mai kyau ga wannan aiki. Kano tana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Damagaram kusan 14, Agadas 17, Kumasi kusan 7. Daga nan, a cikin shekara guda, kusan dukkan taurarin sama suna wucewa ta kanmu, na arewa da na kudu. Mutumin Landan akwai taurarin da ba zai taɓa gani daga gidansa ba har abada, mu kuwa muna ganinsu daga tsakar gida.

Shiri kafin a ɗaga kai

Abokin gabarmu a wannan wata shi ne hazo. Iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ta baza ta a kanmu. Ranar da hazo ya yi kauri, taurarin da ke ƙasa-ƙasa kusa da gefen sama sukan ɓace, amma na tsakiyar ka sukan tsira, domin ƙurar da haskensu ke ratsawa ba ta kai ta gefe yawa ba. Hazo kuma zuwa yake yi ya tafi. Daren da ya lafa, a yi maza a fita.

Na biyu shi ne fitila. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya ya isa ya mayar da shi baya. A nemi inda hasken titi bai kai ba, a sa waya a aljihu, a ɗauki tabarma da bargo.

Ga ma'auni kuma, hannunka ya ishe ka. Miƙa shi gabanka ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10 a sama. Daga gefen sama zuwa tsakiyar ka dunƙule tara ne. Lokutan da zan ambata na Kano ne da kewayenta. Garuruwan yamma irin su Sakkwato da Yamai sukan ɗan yi jinkiri da wasu mintoci, na gabas irin su Maiduguri sukan riga.

Makon farko: Kaza da maƙwabtanta

Bayan sallar isha'i, fuskanci gabas ka ɗaga kai. Za ka ga ɗan curin taurari ƙanana a cunkushe wuri guda. Ita ce Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Mai ido daidai zai ƙirga shida, mai kaifin ido bakwai ko fiye. Da tabarau mai hangen nesa za a ga gommai, a haƙiƙa kuwa sun haura dubu, kuma daga gajimaren iska guda aka halicce su, shekara kusan miliyan 100 da suka wuce.

Nan ne ya kamata mu fahimci yadda ake auna nisan taurari. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa gare mu minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake yi. Daga Kaza kuwa shekara kusan 440 yake yi a hanya. Hasken da zai shiga idonka a daren nan ya taso ne tun wajen ƙarshen ƙarni na 16, fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Ƙasa da Kaza da ɗan abin da ya fi dunƙule ɗaya akwai tauraro mai launin ruwan goro, shi ne Dabaran. Nisansa shekarar haske 65, faɗinsa kuwa ya ninka na rana fiye da sau 40. Idan dare ya raba yakan ratsa kusan ta tsakiyar kan mutumin Kano, a Agadas kuwa daidai tsakiyar ka yake bi.

Yanzu juya arewa. Dunƙule ɗaya da ɗan ƙari sama da gefen sama akwai tauraro guda mai matsakaicin haske wanda ba ya gusawa daga wurinsa duk tsawon dare, sauran taurari ne ke kewaya shi. Shi ne Tauraron Arewa. Tsayinsa daga gefen sama daidai yake da nisan garinku daga layin tsakiyar duniya, shi ya sa yake ƙara tashi idan ka nufi Agadas, yake kuma sauka idan ka nufi Kumasi. Wanda ya gane shi ya gane arewa, wanda ya gane arewa kuwa ya gane alƙibla, domin daga Kano alƙibla tana kimanin digiri 68 daga arewa zuwa gabas, wato gabas mai karkata arewa.

Sama da Tauraron Arewa akwai taurari biyar da suka yi siffar harafin M. Wuce su zuwa tsakiyar ka da dunƙule ɗaya da rabi, wajen ƙarfe 8 na dare, a wuri mai duhu sosai. Za ka ga wani ɗan tabo fari dishi-dishi. Wannan tabo rukunin taurari ne mai zaman kansa, Andromeda, mai ɗauke da taurari ɗaruruwan biliyoyi, nisansa shekarar haske miliyan 2.5. Yana cikin abubuwa mafi nisa da idon ɗan'adam ke iya gani ba da na'ura ba. Wanda ya fara rubuta bayaninsa shi ne Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na siffofin taurari, a shekarar 964 Miladiyya. Shi ma da ido kawai ya gan shi.

Mako na biyu: daren 13 zuwa 14

Idan mutum dare ɗaya kaɗai zai iya hana idonsa barci a wannan wata, to ya zaɓi daren 13 wayewar 14 ga Disamba, ko wanda ke biye da shi. Duk mun taɓa ganin haske ya tsinke ya ratsa sama, muka ce tauraro ya faɗo. A wannan dare abin ba ɗaya-ɗaya yake zuwa ba. A daji mai duhu, babu wata babu hazo, lissafin masana yana kaiwa 120 a awa guda. A bayan gari mutum ya sa ran ƙirga gommai.

Abin da ya shafi gaibu game da waɗannan haskoki fagen malaman addini ne, kuma suna da bayaninsu. Ni zan tsaya ga abin da aka auna. Tauraro na gaskiya rana ce mai nisa, ba ya faɗowa. Abin da muke gani ɓurɓushin dutse ne, mafi yawansa bai wuce ƙwayar gero ba, yana shigowa iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita 35 a daƙiƙa, ya ƙone ƙurmus a nisan kilomita 80 zuwa 100 sama da kanmu.

Daga ina ɓurɓushin yake? Akwai wani dutse mai faɗin kilomita 5 zuwa 6 da ke kewaya rana cikin kwana 524, ana kiransa Phaethon, an gano shi a watan Oktoba na 1983. Yakan kusanci rana har zuwa kilomita miliyan 21, kuma duk hanyar da yake bi cike take da tarkace. Duniyarmu tana ratsa wannan hanya kowace shekara a tsakiyar Disamba. Shi ya sa ranar ba ta canzawa.

Haskokin duk sukan yi kamar daga wuri guda suke fitowa, kusa da wasu taurari biyu masu haske da ke gefen juna, waɗanda malamai ke kira Zira'a. Suna fitowa daga gabas maso arewa wajen ƙarfe 8, su kai ƙololuwarsu wajen ƙarfe 2 na dare, lokacin da abin ya fi yawa. Ba sai ka zuba musu ido ba. Kwanta rigingine ka bar idonka ya ɗauki faɗin sama gwargwadon iko. Na'urar hangen nesa ba ta da amfani a nan, ido ya fi ta.

Abu guda ne ke bambanta shekara da shekara, shi ne wata. Duba kwanan watan Musulunci da ya dace da 13 ga Disamba. In ya faɗa tsakanin 25 ga wata da 5 ga sabo, dare naka ne. In wajen 7 ne, jira wata ya faɗi da tsakar dare. In kuwa tsakanin 12 da 17 ne, farin wata zai shafe ƙananan, sai manyan za ka gani.

Mako na uku: rana ta kai iyakarta

Ranar 21 ko 22 ga Disamba rana takan kai ƙarshen tafiyarta zuwa kudu, sannan ta juyo. Ita ce ranar da yini ya fi gajarta a shekara. A Kano yinin awa 11 ne da minti 25 ko kusa da haka, alhali a ƙarshen Yuni yana kaiwa awa 12 da minti 50. Dalili shi ne duniya a karkace take juyawa, karkatar digiri 23 da rabi, kuma a wannan lokaci ɓangarenmu na arewa ne ya kauce daga rana.

Mutane da yawa suna zaton sanyi yana zuwa ne saboda mun yi nisa da rana. Akasin haka ne. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuwa miliyan 152. Sanyinmu daga karkatar hasken rana yake, da tsawon dare, da busasshiyar iskar hamada da ke barin zafin ƙasa ya tsere da daddare.

Kowane ɗalibi zai iya tabbatar da wannan da sanda. Kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a fili, ka bi inuwarta har ta kai mafi gajartarta, wajen ƙarfe 12:25. A Kano za ka same ta santimita 71 ko kusa da haka, tana kallon arewa. Wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta, wannan sanda ba ta da inuwa ko kaɗan da tsakar rana. Inuwar nan ta tsakar rana ita ce inuwar zawali da malaman fiƙihu ke ƙarawa a kan tsawon abu kafin su ce la'asar ta shiga, kuma da tafin ƙafa ladanai suka riƙa auna ta kafin agogo ya zo.

Ladanai sun san wani abu kuma. Magariba ba ta jiran 21 ga Disamba kafin ta fara jinkiri. Tun cikin Nuwamba take kaiwa iyakar saurinta. Fitowar rana kuwa tana ci gaba da jinkiri har ƙarshen Janairu. Karkatar duniya da rashin daidaiton gudunta a kewayen rana su ne ke sa tsakar rana ta riƙa gusawa a kan agogo.

Mako na huɗu: manyan taurarin hunturu

A ƙarshen wata, da an yi isha'i za ka tarar da Jauza'u ya tashi sosai a gabas. Ba ya ɓuya: taurari uku a jere, tazararsu ɗaya, huɗu masu haske sun kewaye su. Abzinawa suna kiransa Amanar, kuma yana cikin taurarin da madugai ke lura da su a ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma. Na farkon fitowa cikin ukun nan yana fitowa kusan daidai gabas, ya faɗi kusan daidai yamma, daga ko'ina a duniya ka kalle shi.

Dubi launin biyu mafiya haske cikin huɗun. Na ɓangaren arewa ja ne, na ɓangaren kudu fari ne mai shuɗi-shuɗi. Launi yana nuna zafi: shuɗin ya fi rana zafi nesa ba kusa ba, jan kuwa bai kai ta ba. Jan shi ne wanda littattafan zamani ke kira Betelgeuse, tsohon tauraro da ya kumbura har da za a ajiye shi a mazaunin rana da ya haɗiye duniyarmu da duniyar Mirrihi. Daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 haskensa ya dushe har masu kallo da ido suka lura, daga baya aka gano ƙura ce ya fesar ta tare shi. Kudu da taurari ukun kuma akwai wasu ƙanana a jere, na tsakiyarsu yana da dishi-dishi. Gajimaren iska ne mai nisan shekarar haske 1,300 da ɗoriya, inda sababbin taurari ke samuwa har yanzu. Kenan a wuri guda kana ganin tauraron da ya tsufa da waɗanda ba su gama haɗuwa ba.

Bi layin taurari ukun zuwa ƙasa, za ka iske Shi'ira, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi. Babu tauraron da ya kai shi haske a sama da daddare, kuma yana cikin mafiya kusa da mu, shekarar haske 8.6. Idan yana ƙasa-ƙasa yakan yi ƙyalli da launuka iri-iri. Iskarmu ce ke karya haskensa. Da tsakar dare kuma fuskanci kudu, dunƙule biyu da rabi sama da gefen sama, ka ga Suhailu, na biyu a haske, mai nisan shekarar haske 310. Shi ne wanda mutanen Landan da Faris ba sa gani.

Masu tashi sallar asuba suna da nasu rabon. Wajen ƙarfe 5, a arewa, taurari bakwai na Banatu Na'ashi sun tashi sama. Biyun da ke bakinsu suna nuna Tauraron Arewa. A kudu kuma, ƙasa-ƙasa, in hazo ya bari, ga taurari huɗu masu siffar gicciye, waɗanda matuƙan jiragen ruwa na kudancin duniya ke neman kudu da su. Ganin alamar arewa da alamar kudu a asuba ɗaya gata ne na mazauna wannan yanki.

Wata da duniyoyi

Duniyoyi ba su da mazauni tsayayye, don haka inda suke a Disamban bana ba nan za su kasance baɗi ba. Ga yadda ake gane su: haskensu a natse yake, ba ya ƙyafta kamar na taurari, kuma kullum a kan hanyar da rana da wata ke bi suke. Zara da muke gani a yamma bayan magariba da Gamzaki da ke fitowa gabanin alfijir abu ɗaya ne, duniyar Zuhura. Takan yi watanni a yamma, ta ɓace, ta ɓullo a gabas, ta cika zagayen cikin kwana 584, kuma ba ta taɓa nisa da rana fiye da digiri 47 ba. Don haka haske mai ƙarfi, fari, marar ƙyaftawa, da ka gani a tsakiyar sama da tsakar dare Mushtari ne. Riƙe tabarau mai hangen nesa da kyau, ka jingina gwiwar hannu a katanga, za ka ga ɗigo biyu zuwa huɗu a gefensa. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610. Wasunku za su tuna magaribar 21 ga Disamba, 2020, da Mushtari da Zuhal suka kusanci juna har suka kusa zama ɗigo ɗaya, kusancin da ba a yi irinsa ba tun 1623.

Haske mai tafiya a natse daga wannan gefe zuwa wancan cikin 'yan mintoci, ba ƙara ba ƙyaftawa, tauraron ɗan'adam ne. Mafi haskensu ita ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kilomita 400, wadda ke kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya da mutane a cikinta.

Shi kuwa wata, a bi shi tun yana jinjiri. A kwana na biyu da na uku za ka ga sauran jikinsa a dushe cikin ƙahonsa. Hasken rana ne da duniyarmu ta mayar masa. Sannan ka lura da tauraron da ke kusa da shi yau, ka sake dubawa gobe: ya matsa gabas da kimanin digiri 13.

Kammalawa

Wannan matsawa ita ce tushen masaukai 28 da malamanmu suka haddace, kuma manoma suka yi lissafin shuka da girbi da su. A lissafin shekara kowane masauki kwana 13 ne, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Biyar daga cikinsu a jere, Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a da Zira'a, suna cikin yankin saman da muka bi ta kansa yau. Daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina rana takan sauka kusa da su, su ɓace. A Disamba kuwa suna gabanmu dare duka. Yawancinmu mun gaji sunayen, mun bar taurarin. Akwai mai jero su 28 ba tuntuɓe amma ba zai iya nuna uku a sama ba, kuma wannan asara ce da ke damuna ƙwarai.

Wasu suna gudun wannan ilimi don tsoron duba da bokanci. Tsoron yana da tushe, amma iyakar a bayyane take. Tauraro ba ya kawo ruwa, ba ya kawo arziki ko mutuwa, malamai sun daɗe da hana wannan zato. Alama ce ta lokaci da ta hanya, kuma Alƙur'ani ya ambaci shiryuwa da taurari a tudu da teku cikin ni'imomin Allah. Ƙasar nan ta taɓa fitar da Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya yi suna da lissafi da falaki har Alƙahira, inda ya rasu a 1741.

Ga abin da nake roƙo. Kowane ɗalibi ya ware ɗan littafi. Ranar 1 ga Disamba ya tsaya a wuri guda, ya rubuta lokacin da taurari ukun Jauza'u suka ɓullo a kan wata katanga ko bishiya. Ya maimaita kowane dare daga wannan wuri. Zai ga suna riga jiya da minti huɗu, a ƙarshen wata sun riga da awa biyu, domin duniya tana cika juyinta game da taurari cikin awa 23 da minti 56. Wanda ya gano haka da agogonsa da alƙalaminsa ya yi aikin kimiyya na gaske, kuma gani ya kori ji.

Malaman makaranta, ku ware dare ɗaya a tsakiyar wata ku fita da ɗalibanku fili. Iyaye, ku bar yara mata da maza su tsaya tare da ku a tsakar gida bayan isha'i. Ku kuma matasa, ku je wurin dattawan ƙauyukanku, manoma da makiyaya da tsofaffin fatake, ku sa su nuna muku taurarin da suka sani da yatsa, ku rubuta sunan da suke kiran kowanne da abin da fitowarsa ke nuna musu. Wannan sani a ƙirjinsu yake, kuma in ba mu karɓa yanzu ba zai tafi tare da su.

 Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kai mu Disamba lafiya.